Fayil mai suna svchost.exe ya hana kwamfutata sakat: na Windows ne ko muguwar manhaja ce?

Mai_Buga_Samaru:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ƙaramin shago a Samaru ta Zariya inda muke buga wa ɗalibai takardu da kundin kammala karatu, kuma da kwamfuta uku nake aiki, duka a kan Windows 10. Yau kwana tara ke nan ɗaya daga cikinsu ta sauya hali. Fankarta tana kuka ba tsayawa tun daga lokacin da aka kunna ta, gefenta yana zafi har ba a iya ɗora hannu a kai, kuma takardar da a da take buɗewa nan take yanzu sai an daɗe ana jiran ta. Da na buɗe Task Manager, wurin da Windows ke nuna duk abin da ke aiki a kwamfuta, na shiga shafin Details, sai na tarar da suna ɗaya, svchost.exe, an jera shi fiye da sau sittin, ɗaya daga ciki kuma shi kaɗai ya cinye kusan duk ƙarfin na'urar. Yaron shagona ya ce in goge shi domin bairos ne. Mai gyaran da na kira ta waya kuma ya ce kada in kuskura in taɓa shi, wai na Windows ne, idan na goge shi kwamfutar ba za ta ƙara tashi ba. Manhajar riga-kafin da ke kanta ba ta ce uffan ba. Ayyukan mutane suna ciki, wasu sun kusa gabatar da su gaban malamansu, shi ya sa nake roƙon a nuna mini hanyar da ake bi a rarrabe fayil na gaskiya da na bogi, domin in san abin da nake yi da hannuna.

Baban_Walid:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka wahalar da kanka da bincike, ka kwashe takardun mutane ka ajiye a wani wuri, ka wanke kwamfutar gaba ɗaya a sake saka mata Windows. Ni abin da nake yi ke nan duk lokacin da tawa ta fara irin wannan nauyi.

Injiniya_Fagge:
Baban Walid, shawararka tana iya zama ita ce mafita daga baya, amma idan aka wanke na'ura ba a san ta inda ɓarawo ya shigo ba, ƙofar tana nan a buɗe, kuma cikin mako guda za a koma gidan jiya. Malam mai shago, da yaronka da mai gyaranka kowa ya riƙe rabin gaskiya. Fayil ɗin svchost.exe na asali na Windows ne, shi ne yake ɗaukar ƙananan hidimomin da ke aiki a bayan fage, irin su sabunta tsari da sauti da haɗa na'ura da intanet. Yawansa kuma ba alamar cuta ba ne, domin tun daga sabuntawar Windows 10 ta 1703, a shekarar 2017, idan RAM ɗin kwamfuta ya haura gigabayit 3.5, kusan kowace hidima ana ba ta nata svchost ɗin daban, shi ya sa kake ganin sittin ko saba'in. Wannan yawan ne ya sa masu ƙirƙirar muguwar manhaja suke son sunan, domin wanda ya saje da mutum sittin masu kama ɗaya ba a saurin gane shi.

Suna ba hujja ba ne, kowa yana iya laƙaba wa fayil sunan da ya ga dama. Abin da za ka fara dubawa shi ne inda yake zaune. Ka kai linzami kan wanda ke cin ƙarfin, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi Open file location. Na gaskiya zai kai ka C:\Windows\System32, ko kuma SysWOW64 a cikin foldar Windows ɗin. Ka kuma karanta harafan sunan ɗaya bayan ɗaya, domin na sha ganin scvhost.exe, inda aka musanya harafi biyu, da svch0st.exe, inda aka sa sifiri a gurbin harafin o.

Mai_Buga_Samaru:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na gwada guda shida, duk sun kai ni System32. Shi kuwa mai cin ƙarfin ya kai ni wata folda a cikin AppData\Roaming, ƙarƙashin sunan da nake shiga kwamfutar da shi. Rubutun sunansa daidai yake, babu harafin da aka sauya, sai dai girmansa ya haura megabayit huɗu, kuma ranar da ke jikinsa ta yi daidai da makon da matsalar ta fara. Na kuma lura cewa a jerin Task Manager sauran an rubuta SYSTEM ko LOCAL SERVICE a gabansu, shi kuma sunana ne a gabansa.

Malamar_Sakandare:
To ai magana ta ƙare. Mu a makarantarmu abin da aka koya mana shi ne duk fayil mai wutsiyar exe da aka gani a AppData bairos ne, a goge shi kawai.

Ɗan_Tudun_Wada:
Malama, da girmamawa, wannan ƙa'ida ta yi faɗi da yawa, kuma wanda ya bi ta ido rufe zai lalata manhajojin kirki. Zoom da Telegram na kwamfuta duka a AppData\Roaming suke zama idan mutum ya saka su don amfanin kansa, domin wurin ba ya buƙatar izinin mai kula da na'ura. Rashin buƙatar izinin shi ne ya sa masu mugun nufi ma suke son wurin. Abin tambaya shi ne ko wannan fayil ɗin ya dace da wannan wuri. Zoom a AppData baƙo ne da ya sauka masaukinsa, amma svchost.exe ba shi da abin da zai kai shi can. Haka nan maganar sunan mai shago da ya bayyana a gabansa, ita kaɗai ba ta isa hujja ba, domin akwai 'yan svchost na gaskiya da ke aiki da sunan mai amfani da na'urar. Girman ne ya fi ɗaukar hankalina, domin na asali bai kai kilobayit ɗari ba.

Malamar_Sakandare:
Na gode da gyara, Malam. Gobe zan duba kwamfutocin ɗakin gwajinmu, domin ina jin mun taɓa goge abin da bai kamata ba da wannan ƙa'ida.

Ɗan_Maraɗi_227:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Mu a nan yawancin na'urorinmu da Faransanci suke, Task Manager ɗin ma Gestionnaire des tâches muke ganin sa, amma sunayen fayilolin da hanyoyinsu duk ɗaya ne da naku. Abin da nake yi shi ne in buɗe bayanan fayil ɗin in duba sa hannun kamfanin da ya yi shi. Kamfanonin manhaja suna buga wa fayilolinsu wani hatimi na lissafi, wanda idan aka sauya ko da harafi ɗaya a cikin fayil ɗin hatimin yana lalacewa. Idan na ga babu shafin sa hannu sam, sai in ɗauka na bogi ne.

Injiniya_Fagge:
Ɗan'uwana na Maraɗi, rabin farko na maganarka daidai ne, amma rabin ƙarshe yana buƙatar taka-tsantsan. Da yawa daga fayilolin Windows na asali ba a manna musu sa hannun a jikinsu ba, an tara shi ne a wani kundi daban da tsarin ke ajiyewa, don haka kana iya buɗe bayanan fayil na gaskiya ka ga babu shafin Digital Signatures, alhali lafiyarsa ƙalau. Kuma ƙananan masu rubuta manhaja da yawa ba sa sayen takardar sa hannu saboda tsadarta. Wanda ke son tabbaci ya sauko da Process Explorer ko Sigcheck daga shafin Microsoft kansa. Suna cikin tarin kayan aikin Sysinternals, waɗanda Mark Russinovich yana cikin waɗanda suka fara su, kamfanin Microsoft kuma ya saye su a 2006, kuma kyauta ne. Su suna duba kundin da na ambata. Process Explorer yana da wata fa'ida babba a wannan matsala, domin yana nuna wane ne ya tayar da wane, kamar bishiyar zuri'a. Duk svchost na gaskiya ƙarƙashin services.exe, mai kula da hidimomin Windows, yake fitowa, kuma galibi za ka ga harafin -k da sunan rukuninsa a layin umarnin da aka tayar da shi. Wanda ya fito a gefe shi kaɗai, ko ya fito ƙarƙashin explorer.exe, mai nuna foldodi, ba ɗan gidan ba ne.

Sadauki_Kirifto:
Me ya sa ake ta dogon zance? A ɗora shi a VirusTotal, cikin minti ɗaya injinan riga-kafi kusan saba'in za su duba shi su faɗi ra'ayinsu. Shafin kyauta ne, wani kamfani ne a ƙasar Sifen ya buɗe shi a 2004, Google kuma ya saye shi a 2012.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ɗana Sadauki, shawararka tana da kyau ga wannan fayil na mai shago, amma ina so in ja kunnen masu karatu, domin abin ya taɓa faruwa a gabana. Abin da ka ɗora a wannan shafi ba ya zama sirrinka, ana raba shi ga kamfanonin tsaro, kuma masu biyan kuɗin rajista suna iya sauke shi. A wani ofis da na yi aiki, wata yarinya mai ƙwazo ta karɓi takardar Excel ta imel, ta yi shakkar ta, sai ta ɗora ta don a duba. Ashe jadawalin albashi ne na gaskiya daga sashen kuɗi, da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki. Niyyarta mai kyau ce, amma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, domin babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani. Tun daga ranar muka koyi cewa idan takarda ce mai bayanan mutane, ba ita ake ɗorawa ba, zanen yatsanta ake nema. Kowane fayil yana da wata doguwar lamba ta SHA-256 mai harafi da lamba 64, wadda ake fitarwa da umarnin Get-FileHash a PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows. Sai a kwafi lambar a liƙa ta a wurin bincike na shafin. Idan wani ya taɓa ɗora fayil ɗin, za a ga sakamakonsa ba tare da an fitar da komai daga na'urarka ba.

Sadauki_Kirifto:
Na karɓi gyara, Hajiya. Sai dai in ƙara da cewa idan lambar ba ta fito ba, wannan ba ya nufin fayil ɗin yana da tsabta, yana nufin babu wanda ya taɓa kai shi ne kawai.

Mai_Rubuta_Manhaja:
Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke karanta sakamakon. Na taɓa rubuta wa wani mai kantin magani ƙaramar manhajar ƙididdigar kaya da harshen Python, na naɗe ta da wata manhaja mai suna PyInstaller ta zama exe. Ɗansa ya ɗora ta, injina huɗu suka yi ja, sai ya kira ni yana tuhumata da saka musu abin leƙen asiri. Na yi kwana biyu ina bayani kafin ya yarda, kuma abin ya yi mini zafi domin da amana na yi aikin. Injina uku ko huɗu cikin saba'in, musamman waɗanda ba sanannu ba, da sunaye na gama-gari irin su Generic ko Heur, yawanci zato ne kawai. A Defender ma, wato riga-kafin da ke zuwa tare da Windows, idan ka ga sunan ya ƙare da !ml, hasashen na'ura ne ya ba da hukuncin, ba wai an san cutar da sunanta ba. Manyan kamfanoni ma suna kuskure. A watan Afrilun 2010, wata sabuntawa ta riga-kafin McAfee mai lamba 5958 ta ɗauki svchost.exe na gaskiya a Windows XP a matsayin cuta ta killace shi, kwamfutoci masu yawa a ofisoshi da asibitoci suka riƙa mutuwa suna tashi ba tsayawa. Wannan sunan da muke magana a kansa ne fa.

Injiniya_Fagge:
Gaskiya ne, kuma akasin haka ma yana faruwa, wanda ya fi haɗari. A 2017 masu kutse sun shiga inda ake haɗa manhajar CCleaner ta share tarkacen kwamfuta, suka cusa mugun abu a sigar 5.33, aka buga mata sa hannun kamfanin na gaskiya, aka raba ta daga shafin kamfanin na gaskiya, mutum kimanin miliyan 2.27 suka sauke ta. Muguwar manhajar Stuxnet da aka gano a 2010 da takardun sa hannun da aka sato daga kamfanonin Realtek da JMicron ta yi amfani. Don haka ni ba na yanke hukunci da shaida ɗaya. Ina haɗa wurin zama da sa hannu da wanda ya tayar da fayil ɗin da ranar da ya shigo da abin da yake aikatawa da ra'ayin injinan riga-kafi, idan suka fuskanci alƙibla ɗaya sai zuciyata ta natsu.

Mai_Buga_Samaru:
Na bi shawarwarinku bayan sallar La'asar, da ɗalibai suka ragu. Process Explorer ya nuna cewa babu sa hannun da za a tabbatar a jikinsa, kuma ba ƙarƙashin services.exe yake ba. Na fitar da lambar kamar yadda Hajiya ta koyar, na liƙa, sai ga shi injina fiye da arba'in sun yi ja, kuma kalmar CoinMiner ta maimaitu a sunayen da suka ba shi. Me wannan ke nufi, kuma me ya sa riga-kafin da ke kan kwamfutar ya yi shiru?

Sadauki_Kirifto:
Yana nufin wani yana haƙar kuɗin kirifto da na'urarka, Malam. Mafi yawan irin waɗannan wani kuɗin kirifto mai suna Monero suke haƙa, domin ana iya haƙar sa da kwamfutar gida, kuma suna ɓoye wata sananniyar manhajar haƙa mai suna XMRig su sauya mata suna. Ba ya cin data sosai, ƙarfin na'ura da wuta yake ci. Ma'ana man janareton da kake saya da guminka wani yake yi wa aiki, kuma zafin nan yana rage wa kwamfutar kwana. Wasu daga cikinsu ma suna lafawa da zarar an buɗe Task Manager, naka bai kai wannan wayo ba.

Ɗan_Tudun_Wada:
Game da shirun riga-kafin, ka shiga Windows Security, ka je saitin kariya daga bairos, ka gangara zuwa Exclusions, wato jerin wuraren da aka ce wa Defender kada ya duba. Ina kyautata zaton za ka ga foldar a can. Sannan ka tuna da kyau, me aka saka wa kwamfutar a makon da abin ya fara?

Mai_Buga_Samaru:
Wallahi tana nan, Malam, foldar AppData gaba ɗayanta an sa ta a jerin, kuma ba ni na sa ba. Na tuna kuma cewa a makon ne Office ɗin kwamfutar ya fara nuna cewa lasisinsa ya ƙare, sai wani mai gyara da ke zagayawa shaguna ya zo da filashinsa ya ce zai buɗe shi. Na gan shi ya kashe riga-kafin kafin ya fara, da na tambaye shi ya ce haka ake yi.

Baban_Walid:
Amma a yi wa mai gyaran adalci. Duk manhajojin buɗe lasisi riga-kafi yana kama su ko da babu komai a cikinsu, domin kamfanonin ba sa son a yi amfani da kayansu kyauta. Ni shekara nawa ina amfani da su ban ga komai ba. Kuma wa zai iya sayen lasisin kwamfuta uku da kuɗin buga takarda a wannan zamani?

Mai_Rubuta_Manhaja:
Baban Walid, akwai gaskiya a maganarka ta fuska ɗaya. Defender yana kiran irin waɗannan da suna kamar HackTool:Win32/AutoKMS, wanda ke nuna kayan karya lasisi ne, ba lallai ɓarawo ba. To amma a nan matsalar take. Tunda kowa ya saba cewa riga-kafi zai yi ƙara kuma a kashe shi, sai masu mugun nufi suka mayar da waɗannan manhajoji abin hawansu, domin sun san mai na'urar da hannunsa zai buɗe musu ƙofa. Mai yiwuwa shi kansa mai gyaran bai san abin da ke filashinsa ba, daga wani shafi ya sauko da shi. Kuma rashin ganin komai ba shaida ba ce, domin mai satar kalmar sirri ba ya sa fanka kuka. Maganar tsada gaskiya ce ba na musun ta, amma LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe takardun Word, duk da na san wani lokaci tana ɗan sauya tsarin shafi, wanda ga mai buga kundin ɗalibai ba ƙaramin abu ba ne.

Uwar_Khairat:
Ku gafarce ni in shigo da tawa, domin ta yi kama da wannan. Na kai filashina wani shago aka buga mini takarda, da na dawo gida sai na ga duk foldodina sun koma masu ƙaramar kibiya a kusurwa, kuma girman kowace bai wuce kilobayit biyu ba. Hotunan bikin 'yata suna ciki. Sun tafi ke nan?

Injiniya_Fagge:
Hajiya, in sha Allahu suna nan, amma kada ki danna ko ɗaya daga masu kibiyar. Wannan tsohuwar cuta ce da ta addabi shagunan buga takardu. Tana ɓoye foldodin gaskiya, ta ƙirƙiri gajerun hanyoyi masu sunansu, idan kika danna sai ta tayar da wani ɓoyayyen rubutun umarni, galibi mai wutsiyar vbs, sannan ta buɗe miki foldar domin kada ki yi zargi. A fara duba filashin da riga-kafi mai sabuntawa, sannan a buɗe Command Prompt, baƙar tagar rubuta umarni, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan harafin filashin E ne, foldodin za su bayyana, sai a goge masu kibiyar. Ina kuma roƙon kowa a zauren nan ya shiga File Explorer ya kunna nuna wutsiyar sunan fayil, domin Windows yana ɓoye ta tun daga farko. Da wannan ɓoyewar ake yaudarar mutane da suna kamar takarda.pdf.exe, inda ido ke ganin pdf kawai. Dabarar ta tsufa, da ita tsutsar ILOVEYOU ta game duniya a watan Mayun 2000, fayil ɗinta ya ƙare da TXT.vbs, mutane suka ɗauka wasiƙa ce.

Ɗan_Maraɗi_227:
Akwai ma wata dabara da ta shafe mu masu karanta Larabci da ajami. A cikin haruffan kwamfuta akwai wata alama marar ganuwa da aka tanada domin juya rubutu daga dama zuwa hagu. Ana cusa ta a tsakiyar sunan fayil, sai ƙarshen sunan ya juye, abin da ainihinsa exe ne ya bayyana kamar yana ƙarewa da doc ko jpg. Shi ya sa nake duba ginshiƙin nau'in fayil, idan ya ce manhaja ce alhali an ce mini hoto ne, ba na buɗewa.

Uwar_Khairat:
Alhamdu lillahi, ƙanena ya bi yadda Injiniya ya faɗa, hotunan sun dawo. Allah ya biya ku. A waya ma an taɓa turo mini wani abu ta WhatsApp wai katin gayyata ne, amma sunansa ya ƙare da apk, ban buɗe ba.

Ɗan_Tudun_Wada:
Kin yi daidai, Hajiya. Duk abin da ya ƙare da apk manhaja ce ta Android da ke neman a saka ta, katin gayyata kuwa hoto ne ko pdf. Irin waɗannan sukan nemi izinin karanta saƙonni, inda lambobin sirrin banki ke shigowa.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Mu dawo kan mai shago, domin akwai abin da ba a taɓo ba kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Malam, a kan wannan kwamfuta ɗalibai nawa suka shiga imel ɗinsu da shafin makaranta, nawa suka biya kuɗi da katin banki a cikin kwana taran nan? Wanda ya iya saka mai haƙar kuɗi ya kuma sauya saitin riga-kafi, yana da ikon saka mai kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza. Ba na cewa ya saka, amma ba ka da hanyar rantsuwa cewa bai saka ba. Ka sauya naka kalmomin sirrin daga wata na'ura mai tsabta, ka kuma sanar da waɗanda ka sani sun yi amfani da ita. Na san yana da nauyi a baki ga mai kasuwa, amma amana ce suka ba ka.

Mai_Buga_Samaru:
Maganarki ta shige ni, Hajiya, kuma na fara kiran waɗanda nake da lambarsu. Ga halin da ake ciki. Jiya na tsayar da fayil ɗin na goge shi, fanka ta yi shiru, amma da na sake kunna kwamfutar da safe sai ga shi ya dawo a foldar da yake. Na sauko da Autoruns, mai nuna duk abin da ke tashi da kansa a kwamfuta, daga cikin kayan Sysinternals da Injiniya ya ambata, a nan na ga wani aiki da aka tsara a Task Scheduler, sashen da ke tayar da ayyuka a kan lokaci, da suna mai kama da na sabunta Windows, ba shi da sunan kamfani, kuma yana nuni ga wani fayil a foldar Temp. Na cire shi, na cire foldar daga jerin Exclusions, na yi binciken Microsoft Defender Offline wanda ke sake kunna na'ura ya duba ta kafin Windows ya gama tashi. Ya kama abu uku. Tun bayan nan kwamfutar tana aiki lafiya, babu zafi.

Baban_Walid:
Abu uku ya kama, kai kuma ɗaya ka gani da idonka. Wannan ai ya dawo da mu kan maganata ta farko, a wanke ta kawai.

Injiniya_Fagge:
A wannan karon ina tare da kai, Baban Walid, domin yanzu an san ƙofar da aka shigo. Na'urar da aka ba wa muguwar manhaja cikakken izini, kuma jama'a ke shigar da bayanansu a kanta, ni ba zan ƙara amince mata ba sai an sake saka Windows daga kwafin da aka sauko da shi daga Microsoft, ba daga filashin mai gyara ba. A kwashe takardu da hotuna kawai, kada a kwashe ko exe ɗaya. Bayan haka a buɗe wa ɗalibai asusu marar ikon saka manhaja.

Mai_Rubuta_Manhaja:
Ni ina ganin a bar shi ya gama ayyukan da ke hannunsa tukuna. Tsakiyar lokacin gabatar da kundi ake, kuma wanke na'ura da sake saka direbobin firinta da nau'o'in rubutu yana iya cinye masa yini biyu. Tunda an cire abin da ke dawo da fayil ɗin, ya ware kwamfutar don bugawa kawai, a cire mata intanet, kada kowa ya shiga asusu a kanta, idan aiki ya lafa sai a wanke.

Ɗan_Tudun_Wada:
Duk wanda aka bi a cikin biyun, akwai tambayar da ban ga an yi ba. Malam mai shago, shi mai gyaran nan ya taɓa sauran kwamfutocin biyu a ranar? Kuma filashin da kake yawo da shi tsakanin ukun, ka duba shi?

Mai_Buga_Samaru:
Mai matsalar kaɗai ya taɓa a gabana, amma na fita sallar Azahar na bar shi da yaron shago. Bari in tambayi yaron, in kuma duba jerin Exclusions na sauran biyun idan an kawo wuta.